Idan Kumburi Ya Sace, Magani Bai Ƙare Ba

Sharhinmu na yau a kan wani ciwo ne da ba a cika jin sunansa a majalisa ba, alhali yana nan cikin gidaje daga Augie har Argungu da Birnin Kebbi. Ina nufin daskarewar jini a cikin jijiya, musamman ga wanda abin ya same shi, ya samu sauƙi, ya kuma dawo masa.

Yakan fara ne da ƙafa ɗaya. Sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, ta yi nauyi, wani lokaci har cinya. Wannan ya ce sanyi ne na yawan shiga ruwan fadama, wancan ya ce an taka wani abu. Abin da ya faru a ciki shi ne gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Babban haɗarin kuwa, gudan ya ɓalle, ya bi ta zuciya ya je ya maƙale a huhu. Sai numfashi ya riƙa yin sama-sama, ƙirji ya ɗauki suka, wani ya yi tari da jini, wani kuma ya yanke jiki ya faɗi, a ce ai lafiyarsa ƙalau ya kwana.

Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, wanda aka haifa ranar 13 ga Oktoba, 1821, shi ne ya fara bayanin yadda gudan ƙafa ke kaiwa ga huhu, shi ya sa tun 2014 ake keɓe ranar haihuwarsa don wayar da kai kan wannan ciwo. Dalilai uku ake jinginawa ga sunansa: jini ya daina gudu yadda ya kamata, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Manomin shinkafa na Tiggi ko Bayawa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san duk inda ruwa ya yi kwance a lambatu, a nan laka ke taruwa. Saboda haka mai karaya da ya yi makonni kwance wurin ɗori, da wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila, da mai ciwon daji, da direban da ke kwana zaune daga nan zuwa Legas, duk suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Haka ma mai ciki, da mai jego musamman a makonni 6 na farko, wato daidai kwanakin da muke cewa ta zauna a ɗaki sai ta yi arba'in.

To, a ina gizo ke saƙar? Maganin da ake bayarwa, wanda muke kira maganin tsinka jini, ba ya narkar da gudan. Hana shi girma yake yi, ya kuma hana wani sabo fitowa, jiki kuma ya riƙa cinye tsohon a hankali. Cikin 'yan makonni ƙafa ta sace, mutum ya koma gona. Sai ka ji an ce, "Ai na warke, me zan yi da ƙwaya kuma?" Wanda ciwonsa ya zo da dalili bayyananne, kamar tiyata, likita kan ba shi magani na wata 3 ya sallame shi. Amma wanda abin ya zo masa haka kawai, ko ya maimaita masa, sau da yawa maganin na shekaru ne, wani ma har ƙarshen rayuwa. Kusan mutum 3 cikin 10 da suka taɓa yin ciwon, yakan dawo musu cikin shekara 10. A ganina, ranar da kumburi ya sace ta fi ranar da ya fara haɗari, domin ranar farko kowa a tsorace yake, ana neman mota zuwa asibiti, wannan kuwa ranar ce ake jefa kwalin magani bayan gado.

Maganin da ya fi araha shi ne warfarin, kuma tarihinsa na da ban mamaki. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi funfuna. Masana a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke ciki, aka fara sayar da danginsa, wato warfarin, a matsayin gubar ɓera a 1948, aka amince mutane su sha a 1954, har Shugaban Amurka Eisenhower ya sha shi a 1955 bayan ciwon zuciya. Na kawo wannan ne don mai sauraro ya san irin abin da yake haɗiya. Idan ya yi kaɗan, jini ya daskare. Idan ya yi yawa, dasashi ya riƙa jini, haɓo ya ƙi tsayawa, bayan gida ya yi baƙi ƙirin, ko jini ya zuba a ƙwaƙwalwa.

Abin da ke nuna an daidaita shi ne gwajin jini mai suna INR, wanda ga yawancin masu wannan ciwo ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Da farko akai-akai ake yin sa, daga baya kamar sau ɗaya a wata. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma ku lissafa wa mutumin Kwaido ko Zagi: kuɗin mashin zuwa bakin titi, kuɗin mota zuwa babban asibiti, kuɗin gwaji, da yini guda da ya rasa a gona lokacin dashe. Idan aka tura shi Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, lissafin ya ninka. Da damina kuma, idan gulbi ya cika ya shafe hanya, ba a ma maganar tafiya. Wanda ya daina zuwa gwaji a wannan hali, kafin a kira shi mai taurin kai a fara tambayar abin da ke aljihunsa.

Sai abinci. Ganyaye irin su alayyafo da zogale suna da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin. Ba a ce a daina ci ba. Abin da ake so, kada yau a ci kwaɗon zogale kwano guda, sannan a yi wata ba a taɓa ba. A riƙa ci daidai gwargwado yadda aka saba, likita ya auna magani a kan haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan ƙullin nan da ake saye a kemis bayan an tashi daga aiki, wanda ake cewa "a haɗa mini na ciwon jiki". Sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen ko asfirin a ciki, kuma haɗa su da maganin tsinka jini na iya fasa jini a ciki. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi fiye da kima, rifampicin na tarin fuka kuma yana kashe masa ƙarfi. Jiƙe-jiƙe da ba a san abin da ke cikinsu ba, su ma a sanar da likita. Wanzamai kuma, da girmamawa, duk wanda ya zo neman ƙaho ko tsaga, ku tambaye shi ko yana shan wannan magani. Ƙafar da ta kumbura sabuwa, kada a murza ta, kada a yi mata tausa.

Akwai sababbin magunguna, irin su rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba sa buƙatar gwajin wata-wata, ba kuma ruwansu da miyar ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin muhimman magungunanta a 2019. Su ne suka fi dacewa da mutumin da ke nesa da ɗakin gwaji, su ne kuma suka fi ƙarfin aljihunsa. Ƙarfinsu yana gushewa cikin kamar kwana ɗaya, don haka wanda ya sayi na mako biyu ya jira sai ya sayar da shinkafa, a tsakanin nan ba shi da kariya ko kaɗan. A nan ne nake kira ga hukumomin lafiya na jihar Kebbi da su duba abu biyu: sanya waɗannan magunguna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, da kuma kawo ƙaramar na'urar INR, wadda ke aiki da ɗigon jini daga yatsa, zuwa asibitocin ƙananan hukumomi irin Augie.

Mata kuma, warfarin na cutar da ɗan tayi, sababbin ma ba a ba mai ciki. Allura ake komawa, irin enoxaparin, har a haihu. Matar da ta taɓa yin wannan ciwo ta faɗa tun ranar farko ta awo, ta kuma faɗa kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa. Wadda ke yawan ɓari tare da daskarewar jini, akwai ciwon jini da ke haɗa biyun, kuma ana gwada shi. 'Yar wasan tanis Serena Williams ta yi gudan jini a huhu a 2011. Da ta haihu a 2017 ta ji numfashinta ya canja, ita ta matsa a yi mata hoto, aka kuwa same shi. Maigida, idan mai jego ta ce numfashi na yi mata wuya, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Ko da ana shan magani, wasu ƙafar ba ta komawa yadda take. Takan yi nauyi da yamma, fata ta yi duhu wajen idon sawu, wani har gyambo. Ɗaga ƙafa a kan matashi, tafiyar ƙasa, da safar roba ta asibiti suna rage wahalar.

Azumi idan ya matso, a je a tsara lokacin shan magani da likita tun cikin Sha'aban, domin wani sau ɗaya ake shan sa, wani sau biyu, rivaroxaban kuma da abinci yake tafiya. Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kebbi ya tuna cewa zaman da ya wuce awa 4 yana ƙara haɗarin. Ya sha ruwa, ya riƙa miƙewa yana takawa a cikin jirgi, ya ɗauki maganin da zai ishe shi har dawowa a jakar hannu, tare da takarda mai sunan maganin da adadin da yake sha, don likitocin tawaga su gani tun kafin a tashi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.