Daga Sakkwato Hakeem Olajuwon Ya Ɗauko Hanya

Mutane kaɗan ne a Birnin Shehu suka san cewa ɗaya daga cikin manyan gwanayen ƙwallon kwando na duniya a garinsu ya fara shiga gasa. Hakeem Olajuwon ba Basakkwace ba ne. Bayarabe ne, an haife shi a Legas cikin Janairun 1963. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu, wata kwalejin horon malamai ta Musulmi da ke Legas, ta zo Sakkwato bikin wasannin makarantun malamai na ƙasa. Sunansa yana cikin 'yan ƙwallon hannu, kafin nan kuma gola ne a ƙwallon ƙafa. Sai wani ɗalibi ya roƙi mai horarwa da a bar dogon yaron nan ya buga musu kwando. Aka bar shi.

Bayan shekara biyu kacal, a 1980, ya sauka Amurka, Jami'ar Houston. Kada mai karatu ya zaci da isarsa ya zama tauraro. Shekarar farko bai buga gasa ba, ta biyu kuwa yawanci daga benci ake tado shi. Abin da ya gasa shi shi ne hutun da ya riƙa kwashewa yana gumurzu da Moses Malone, wani ƙaton ƙwararren ɗan wasa, a wani zauren motsa jiki na garin. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sabbin 'yan wasan NBA. Michael Jordan, wanda yaranmu ke yawo da sunansa a riga da takalmi, shi ne na uku a zaɓen wannan shekarar. Sai da ya shekara goma kafin ya ɗaga kofi, a 1994, ya maimaita a 1995. Har yau ba wanda ya kamo shi a yawan tare ƙwallon da aka jefa kwando: sau 3,830. Shi da kansa ya sha faɗa cewa saurin ƙafar da yake rikita abokan karawa da ita daga ƙwallon ƙafa ya samo ta.

Iyaye a nan sukan ji tsoron kada wasa ya raba yaro da karatu, ƙasar waje kuma ta raba shi da addini. Tsoron yana da dalili, kuma tarihin Hakeem bai kore shi gaba ɗaya ba, domin shekarunsa na farko a NBA an san shi da zafin rai da faɗa a fili. Daga baya ya koma ga addininsa da gaske, har a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Azumin 1995 ya faɗo cikin Fabrairu, ana tsakiyar kakar wasa. Bai ajiye azumi ba, kuma a wannan watan ne aka zaɓe shi gwarzon wata na NBA. Da ya yi ritaya a 2002 ya shiga harkar gidaje da filaye ba tare da cin bashin ruwa ba, ya kuma zauna a Jodan yana neman ilmi. Duk uban da ke jin cewa ƙwallo da salla ba sa haɗuwa, ya dubi wannan.

Amma akwai inda abin ke yi mini ciwo. A 1993 Hakeem ya karɓi takardar zama ɗan Amurka, kuma zinaren da ya rataya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, da rigar Amurka ya ci shi. Ba na ganin laifinsa. Mu mun ba shi damar farko, su suka ba shi fili, da mai horarwa, da likita, da albashi. Kowa ya yi noma shi ke da girbi.

Ya kamata kuma a gaya wa matasa gaskiya: irin Hakeem ɗaya ne cikin dubbai. Hanyar da akasarin masu fita ke bi ta fi kama da ta Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Shi bai taɓa buga NBA ba. Shekara shida ya yi yana yawo a ƙananan ƙungiyoyin Turai, irin su Ingila da Beljiyam, yau nan gobe can, sannan ya koma farautar 'yan wasa wa Orlando Magic ba ko sisi. Ilminsa da idonsa ne suka kai shi shugabancin Toronto Raptors, wadda ta ci kofi a 2019. Wanda ya bar makaranta don ƙwallo, ranar da gwiwa ta ƙi, ba shi da wannan mafita.

Mu dawo gida. Ba wani mai farautar 'yan wasa da ya gano Hakeem tun farko. Gasar makarantu ce ta tara yara daga sassan ƙasar nan wuri guda, har wani ya lura da tsayinsa. Kwalejojin malamai irin tasu an daɗe da rushe tsarinsu, wasannin makarantu kuwa sun ja baya ƙwarai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Alhali Sakkwato gari ne na ƙwallon hannu, wasan da Hakeem ya zo bugawa, kuma dogayen yara ba su yi mana kaɗan ba. A unguwa sai dai a yi ta tsokanarsu da “dogo”. Filin kwando bai kai faɗin mita 30 da 15 ba: daɓen siminti ne da turaku biyu. Ina kira ga ma'aikatun ilmi da na wasanni na jiha su fara da makarantun sakandaren cikin birni, maza da mata kowa da nasa, su tsayar da gasa ɗaya a kowace shekara lokacin sanyi, kafin zafin Maris ya kori kowa daga fili, a kuma buga wasan ƙarshe a Giginya.