Aku Ba Matsoraci Ba Ne

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu masu karatu, wadda bai kamata a ƙyale ta ba. Wai littafin Magana Jari Ce, wanda Malam Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka fara buga shi a 1937, yana koya wa yara tsoro da zargin mutane, don akun da ke cikinsa kullum a ɗarare yake. Wai littafin yara sai ya zama raha zalla. To, ni ban yarda ba.

Ku duba yadda labarin ya tafi. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri kuwa, wanda aka amince wa, shi ne ya haɗa kai da abokan gaba, yana neman a yaudari yaron ya fito a halaka shi. Wa ya tsaya? Tsuntsu, ba takobi ba māshi. Kowane dare Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari, ya yi ta jansa har gari ya waye. Gobe ma haka, jibi ma haka. Shin matsoraci yana iya wannan naci? Ai matsoraci tashi zai yi ya bar gidan.

Abin da masu sukan nan suka kasa ganewa shi ne, hattara dabam, tsoro dabam. Tsoro yana kashe jiki, hattara kuwa buɗe ido take yi. Littafin da ya ce wa yaro duk mai yi masa murmushi masoyinsa ne, ya cuce shi, gama ranar da ya bar gaban malamansa zai tarar da irin Wazirin nan a kasuwa da wurin aiki, babu akun da zai tsare shi.

Saboda haka in kuna karatu, kada daɗin labaran ya ɗauke muku hankali ga barin mai ba da su. Ku lura da yadda yake auna magana kafin ya furta, da yadda ba ya sakin abin da ya sa gaba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.