Gyauron Kabewa: A Bincika Kafin A Sa A Tukunya

Da zarar damina ta kankama, sai a ga wani tsiro mai faffaɗan ganye ya fito a gefen juji ko a lambun bayan gida, alhali babu wanda ya shuka shi. Manoma na kiran irin wannan gyauro, wato abin da ya tsiro da kansa daga ƙwayar da ta zube a bara. Wasu kan tuge shi nan take, wasu kuma kan bar shi su ci duk abin da ya haifa. Dukkan ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Abin da ya dace shi ne a bar shi ya girma, a lura da shi, kada a ci ɗansa sai an tabbatar da ko mene ne.

Kabewa da duma da kankana da guna da gurji duk dangi ɗaya ne, wanda masana tsirrai ke kira Cucurbitaceae. Saboda haka suna kama da juna ƙwarai lokacin da suke ƙanana, kuma ganyen farko ba ya isa shaida. Sai yaɗo ya miƙe ake fara ganin bambanci. Ganyen kankana da na guna a tsattsage yake, na duma kuwa yana da laushi da ɗan wari idan an murza. Fure ya fi ganye faɗin gaskiya: na kabewa babba ne, ruwan ɗorawa, yana buɗewa da sassafe, na duma fari ne, yana buɗewa da yamma. Idan ɗa ya fito, sai a duba sandar da ta haɗa shi da yaɗo. A kabewar da ake kira Cucurbita moschata, sandar tana da kusurwa biyar, tana kuma faɗaɗa daidai inda ta kama ɗan. A Cucurbita maxima kuwa zagayayya ce mai taushi.

Duk da haka, gyauro ba lallai ne ya yi kama da uwarsa ba. Kabewa tana da fure namiji da fure mace a jikin yaɗo guda, kuma ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, har daga lambun maƙwabci. Wannan barbara ba ta canza naman kabewar bana. A cikin ƙwaya take ɓoye, sai baɗi ta bayyana. Ya kamata kuma a gyara wani kuskure da ya yaɗu: kabewa ba ta barbara da kankana ko duma, domin jinsinsu daban ne. Cuɗanyar tana faruwa ne tsakanin ire-iren da ke cikin jinsi guda.

Haɗarin yana cikin wani sinadari mai tsananin ɗaci da ake kira kukurbitasin, wanda tsirran wannan dangi ke kare kansu da shi daga dabbobi. Shi ne ke cikin kwartowa da duma mai ɗaci. Manoman da suka fara noma kabewa a ƙasar Meziko, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, da waɗanda suka biyo bayansu, sun yi ta zaɓen iri marar ɗaci, amma barbara da nau'in daji ko na ado kan dawo da shi. Yana jawo amai da zawo da murɗar ciki, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A shekarar 2015 wani dattijo mai shekara 79 ya rasu a ƙasar Jamus bayan ya ci abincin da aka dafa da wata kabewa mai ɗaci da aka noma a lambun gida.

Gwajin ba shi da wuya. A yanki ɗan ƙanƙane ɗanye a taɓa da harshe. Idan an ji ɗaci a tofar, a wanke baki, a zubar da kabewar gaba ɗaya, kada kuma a ajiye irinta. Masu cewa ɗaci magani ne suna iya kawo hujja da shuwaka, amma sinadarin shuwaka daban, na kabewa daban. Miyar taushen da ta yi ɗaci ba ta cancanci a ƙara mata gishiri a lallaɓa ba.

Malaman kimiyyar noma da na halittu suna da rabo babba a nan. Gyauro guda a bayan aji ya isa darasin zango ɗaya: ɗalibai su auna ganye, su zana fure, su rubuta lokacin buɗewarsa, su yi hasashen abin da zai haifa, sa'an nan su jira kaka ta gaskata su ko ta ƙaryata su. Ɗalibin da ya koyi jinkirta hukunci har sai shaida ta cika ya kama hanyar kimiyya, ko da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.