Zauren 'Yan Mata: Sanyin Fim Daban, Sanyin Tozai Daban

 

Cikin wasiƙun da na samu a wannan karon, akwai ta wata ƙanwata 'yar aji biyar a sakandare, wadda ta sa ni dariya da farko, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Cewa ta yi, "Anti, ni fa ba ni da burin da ya wuce in na yi aure angona ya kai ni inda dusar ƙanƙara ke zuba, mu yi ta guje-guje kamar a fim ɗin Indiya." To ƙanwata, Allah Ya cika miki burinki, amma matso kusa ki ji.

Ɗaya daga cikin wuraren da kike gani sunansa Gulmarg, a yankin Kashmir, inda aka ɗauki wani sashe na fim ɗin Bobby na 1973. Gari ne a kan duwatsu, tsayinsa ya kai kimanin mita 2,650 daga doron teku, kuma a ƙa'ida duk mita dubu da mutum ya hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Shi ya sa abin da zai sauko a matsayin ruwan sama a ƙasa, can sama sai ya zubo fari fat kamar an sheƙe auduga. Daga Disamba zuwa Maris ne masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke tururuwa can. Mutanen Kashmir har suna suka sa wa kwana arba'in mafi tsanani, wato Chillai Kalan, wanda ke kamawa daga 21 ga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da ruwan famfo kan daskare a cikin bututu.

Ba kullum ake shan daɗi ba fa. A Fabrairun 2023 tulin ƙanƙara ya gangaro daga dutse ya hallaka baƙi biyu 'yan ƙasar Folan, sannan a Janairun 2024 aka wayi gari tsaunukan duk ƙasa ce tsurarta, dusar ta yi jinkiri, masu otal da masu hayar kayan zamiya suka shiga tagumi. Ita kuwa jarumar da kike gani da sari shara-shara tana juyi, ai da an gama ɗauka za a ruga a lulluɓe ta. Matan garin na ainihi wata zabgegiyar riga ta ulu suke zurmawa, su rungumi ɗan kaskon garwashi a cikinta, wanda suke kira kangiri. Kin ji, ashe har can ma kasko ne gatan talaka!

To ni nan Tozai, ƙasar Illela, ba mu da ƙanƙara sai ta cikin firji, amma muna da namu. Da Nuwamba ta kama, iskar hunturu za ta taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta ratso Nijar ta sauke mana. Wata safiyar hazo kan rufe hanyar Ƙonni har direba ya kunna fitila da hantsi. Da yake iskar busasshiya ce, babu gajimaren da zai riƙe ɗumin rana, sai dare ya yi ta tsula ɗari, wani daren ya sauka ƙasa da digiri 15, a ƙasar da in Afrilu ta zo zafi ke haura 40. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su kama mura da tari.

Abin da ya sa na ce jikina ya yi sanyi shi ne wata ƙawata da ba zan kama sunanta ba, wadda aka kai ɗakinta bara da hunturu. Ran nan maigidan ya tafi fatauci zai kwana biyu, ita kuwa amarya ga kaɗaici ga sanyi, sai ta cika kasko da gawayi, ta shigar ɗaka, ta ja ƙofa, ta toshe taga da tsumma don kada iska ta shigo. Da asuba uwar mijin ta ga ba ta fito alwala ba, ta je ta yi ta bugun ƙofa.

"Ɗiyata, lafiya? Mi as same ki? Tashi ki buɗe mini!"

Shiru. Sai da aka kira maza suka ɓalle ƙofar, aka tarar da ita a yashe bakin gado, ta yi yunƙurin fita ƙafafu sun ƙi ɗaukarta. Aka fito da ita tsakar gida, aka ruga asibiti. Allah Ya sa da sauran shan ruwa. Da na je duba ta, ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "Wallahi ƙawata ban ji warin komi ba, kaina kawai ya yi nauyi, na zaci barci ne."

Nan fa haɗarin yake. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki, yakan fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi ba ta da wari, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Wasu su ce iskokai ne, alhali kasko ne.

Saboda haka 'yan uwa, ku ji wuta a waje ko a buɗe taga, kuma kada a kwanta sai an fitar da kasko an kashe shi. A kiyaye bakin zane da gidan sauro, domin gobara ba ta son komi kamar iskar hunturu. A shafa man kaɗanya bayan wanka da ruwan ɗumi, a sa wa ƙanne hula da safa, a kuma sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Ke kuma mai fita zance da ɗan yalolon gyale don kada a ce ba ki yi ado ba, ki sani wanda ke sonki da gaske shi zai fara cewa, "Koma ki sa rigar sanyi." In ya tsayar da ke a ƙofar gida har dare ya raba haƙoranki na karo, to ki sake lissafi.

Ƙanwata mai wasiƙa, ki riƙe burinki, ki kuma riƙe karatunki, wataƙila ma da kuɗin aljihunki za ki je ki taɓa dusar nan. Amma sai da rai ake yawon amarci.

Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, daga Tozai.