Alkyabba a wajen fada: da me ake haɗa ta?

A cikin tufafin Hausawa babu mai wuyar sha'ani kamar alkyabba. Ba ta da hannu, ba ta da aljihu. A kafaɗa take rataye, ƙoƙuwarta da tuntayenta suna janta baya, saboda haka wanda ya yafa ta ba ya sauri, ba ya sunkuyawa ya ɗauki abu, ba ya shiga mota sai ya tattare ta kamar mai naɗe tabarma. Idan ta karan-miski ce mai cike da aikin zare, aka kuma yafa ta cikin bazarar Kano ko Sakkwato, zafinta kaɗai ya isa horo.

Duk da haka, yau alkyabba ta fito daga fada. Amare na yafa ta ranar kamu da buɗar kai, ɗalibai ranar saukar Alƙur'ani, mawaƙa a gaban kyamara, har akwai masu ba da hayarta. Wasu na ganin wannan zubar da ƙimar sarauta ne. Gaskiyar magana ita ce fitowar tata ba laifi ba ce. Laifin yana cikin abin da ake haɗa ta da shi.

Alkyabba baƙuwa ce da ta zama 'yar gari. Sunanta daga Larabci yake, kuma ta hanyar fataucin Sahara ta iso daga Arewacin Afirka, ta Ghadames da Agadas. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, da irinta ya riƙa gai da sarakuna, domin ya tarar tana cikin kyaututtukan da fada ke darajantawa. A can ƙasashenta na asali, danginta na ulu rigar sanyi ce da makiyayi ma ke yafawa. A ƙasar Hausa ta zama alamar muƙami: da ita da rawani ake naɗa hakimi, da ita liman ke hawa mumbari.

A nan ne ma'anar wahalarta take. Tufa ce ta wanda ba shi da buƙatar hannuwansa. Sarki a hawan Daushe yana da zagage a gaban doki, yana da mai riƙe laima, yana da dogarai masu baza riguna su kare shi idan zai gyara zama. Alkyabbar tana shelar cewa mai ita yana da jama'a. Shi ya sa take kyau a kan babbar riga mai kauri, da kufta ko falmaran a ciki, da rawani a sama: tulin kayan ne ke ba ta kafaɗar da za ta zauna. Wanda ya ɗora ta a kan siririn kaftani zai ga tana zamewa, ya wuni yana jawo ta.

Haɗin liman ya fi sauƙi, kuma shi ya fi dacewa da mai son koyi. Farar riga ko jallabiya a ciki, alkyabba marar nauyi mai launi ɗaya, ɗan aiki a baki kawai, da rawani marar kunne. Babu abin da ke gasa da wani. Ɗalibin da ya yi sauka, ko malamin da aka gayyata walima, idan ya bi wannan tsari ya yi kwarjini ba tare da ya ari rigar wani ba.

Wajen amarya ne aka fi yin kuskure. A da, 'ya'yan gidan sarauta aka fi sani da alkyabbar aure, kuma aikinta lulluɓi ne: ƙoƙuwar ta sauko ta rufe fuska. Yanzu sau da yawa akan ɗora alkyabba mai ƙyalli a kan leshi mai duwatsu, a ƙara ɗaurin kai mai tsayi, da sarƙoƙi har uku. Ƙoƙuwa ba ta hawa irin wannan ɗauri, sai ta koma baya ta shaƙe wuya, adon ciki da na waje kuma su kashe juna. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya. Idan alkyabba ce za ta yi magana, to na ciki ya yi shiru: yadi ko shadda mai launi ɗaya wanda aka ɗauko daga launin zaren aikin, ɗauri kwantacce, da tsayin da ya tsaya a idon sawu don kada a taka.

Sai haɗi na huɗu, wanda ya fi jawo gardama: alkyabba a kan kwat da wando, ko a kan doguwar rigar zamani, a taron karramawa ko bikin al'adu a London ko Abuja. Wannan yana yiwuwa idan yadin mai sauƙi ne, kayan ciki masu duhu, kai kuma da hula ko gyale kawai. A haka ta koma mayafi, kamar yadda take a ƙasashen da ta fito.

Masu adawa suna da hujja. Idan kowa ya yafa alkyabba, me ya rage ga wanda aka naɗa? Amma alamar muƙami ba ta taɓa zama a cikin alkyabba ita kaɗai ba. Tana cikin haɗin: alkyabba da rawanin naɗi, da amawali, da sanda, da rawani mai kunne biyu wanda a Kano aka keɓe wa sarki da 'ya'yan sarki. Ango ko mawaƙin da ya tara waɗannan don hoto ya yi da'awar abin da ba a ba shi ba, kuma ya cancanci a tsawata masa. Wanda ya ɗauki alkyabbar kawai bai ƙwace wa kowa kujera ba.

Akwai kuma maganar masu sana'ar. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, amma hawa sau biyu a shekara da naɗe-naɗen sarauta ba za su ciyar da duk mai ɗinki da mai aikin zare ba. Amaren nan da masu sauka su ne kasuwar da za ta sa yaro ya zauna ya koyi aikin a wurin ubansa. Tufar da aka kulle a adaka don tsoron raini, asu ne ke gadonta. Abin da ake bin mai yafawa shi ne ya san wurin da zai je da ita, ya rage abin da ke ƙarƙashinta, ya bar wa fada rawaninta.