Shari'ar Lafarge: yadda kamfani ke shiga hannun alƙali

Kamfani ba ya da wuyan da za a sa wa igiya, ba a kuma kai shi gidan kaso. Duk da haka, tun ran 1 ga Maris 1994 dokar hukunta laifuka ta Faransa, a aya ta 121-2, ta amince a gurfanar da shi in shugabanninsa ko wakilansa sun aikata laifi don amfaninsa. Tarar da ake iya ɗora masa takan kai ninki biyar na wadda ake ci mutum, kuma hakan ba ya wanke shugabannin.

Wannan ayar ce ta rutsa da Lafarge, kamfanin siminti na Faransa. A 2013 da 2014, yaƙi na ci a Siriya, reshensa ya riƙa biyan ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, har da Daesh, don masana'antarsa ta Jalabiya ta ci gaba da aiki, motocinsa su wuce shingaye. A Oktoban 2022 kamfanin ya amsa laifi gaban wata kotun Amurka, ya yarda da biyan wajen dala miliyan 778.

Hukuncin da ya fi nauyi shi ne na kotun ƙolin Faransa, a Satumban 2021. Wata kotu ta ƙasa ta soke tuhumar haɗa baki a laifukan cin zarafin bil'adama, bisa hujjar cewa neman kuɗi ne ya kai Lafarge, ba son ta'asar ƴan ta'adda ba. Kotun ƙoli ta ce a'a: in ka san abin da ƙungiya ke aikatawa, ka kuma miƙa mata miliyoyi, ba sai kana da aƙidarta ba kafin a tuhume ka. Ke nan "kasuwanci kawai muke yi" ta daina zama mafaka. Kuma uwar kamfanin da ke Faransa aka tuhuma, ba a bar laifin a kan reshen Siriya ba, wanda nan ne manyan kamfanoni suka saba ɓuya.

Sai dai dokar ba ta kai ga kowa ba. A Janairun 2024 kotun ƙolin ta tabbatar da waccan tuhuma, amma ta soke ta jefa rayukan ma'aikata cikin haɗari, don dokar ƙwadago ta Faransa ba ta shafi ma'aikatan Siriya ba. Su ne kuwa aka bari a masana'antar bayan an kwashe ma'aikata baƙi tun 2012, har Daesh ta ƙwace ta a Satumban 2014.