Wai "chauffeur": ku fara sanin ma'anarta kafin ku rubuta ta a talla

1/ Kwanan nan duk tallan neman aiki da na gani sai a rubuta "ana neman chauffeur". Ba direba ba fa, chauffeur. Sai ka karanta ƙasa ka ga albashin da ko kuɗin motar wata ba zai kai ba. Bari mu ɗan tattauna kalmar nan, don na lura masu rubuta ta ba su san abin da take nufi ba.

2/ Kalmar Faransanci ce Turawan Ingila suka aro. Asalinta daga aikatau ne mai nufin ɗumama abu ko zafafa shi. Wato shofa shi ne mai hura wuta. Mutumin da ke tsaye gaban tukunyar jirgin ƙasa yana zuba gawayi, fuska duk baƙi, gumi na zuba. Wannan ne shofa na asali.

3/ To ya aka yi ya koma mota? A ƙarshen ƙarni na 19 motoci da yawa da tururi suke tafiya, irin su Stanley a Amurka. Sai an kunna wuta, an jira ruwa ya tafasa, kafin mota ta motsa. Wasu masu fetur ɗin ma na farko sai an gasa wani ƙarfe ya yi ja kafin inji ya tashi. Mai wannan wahalar shi ya gaji sunan.

4/ Da farko a Turanci duk wanda ya tuƙa mota ana iya ce masa shofa, har mai motar kansa. Daga baya masu kuɗi suka ga aikin akwai datti, suka ɗauki wani suka sa masa kaki da hula, sunan ya zauna kan ɗan aiki. Yau a Ingila ma kana jin ta wajen biki da hayar manyan motoci.

5/ A gefe: a Faransa wajen shekarun 1790 akwai ’yan fashin da ake kira da wannan sunan, saboda suna gasa ƙafar mutum a wuta har ya faɗi inda ya ɓoye kuɗi. Ka ji sunan da kuke wa ado.

6/ Kuma ku leƙa Maraɗi ko Damagaram. A Faransancin can, mai tuƙa tifa shofa ne, mai tasi shofa ne, mai bas shofa ne. Babu wani ƙamshi a jikinta. Mu ne nan muka ɗauko tsohuwar kalmar Bature muka fesa mata turare.

7/ Abin da ke ba ni haushi ke nan. Sunan ya hau sama, mutumin yana nan inda yake. Ya zo ƙarfe shida ya kai yara makaranta, ya dawo ya kai Hajiya kasuwa, ya wanke mota, a aike shi sayo gas, da dare a je biki ya zauna cikin mota sauro na cinsa har ƙarfe ɗaya. Ba wanda ya leƙo ya ce Malam ka ci abinci? Gobe ya makara da minti goma a fara masa faɗa gaban yara.

8/ Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka ga direban gida ba ya ciki ke nan. Direban tasha yana da NURTW, ko ba komai akwai inda zai kai ƙara. Na gida fa? Shi da Allah sai halin maigida.

9/ Na san za a zo min da "ai sunan girmamawa ne, ya fi direba daɗin ji". Haba malam. Wa ya ɓata sunan direba in ba mu ba? Mu ne muke cewa "wai direba za ta aura". Mu ne muke kiran yaron mota karen mota. Matuƙin jirgin sama kuwa sai a miƙe masa, alhali tuƙi sunansa tuƙi.

10/ Wasu kuma su ce shofa ya fi ƙwarewa, yana sa kwat, yana buɗe ƙofa. To madalla. In ƙwarewa kake nema, biya kuɗinta. Mutumin da ka miƙa wa matarka da ’ya’yanka ya bi da su hanyar Kaduna zuwa Abuja, shi ne kuma kake wa ƙwauron dubu biyar, kana hana shi barci, sannan in ya yi gyangyaɗi a kan titi ka ce sakaci ne.

11/ Ga matasan da ke tura takardunsu: kar kalmar ta ruɗe ku. Ku tambaya tun kafin ku karɓi mukulli. Ƙarfe nawa ake tashi? Akwai ranar hutu? In an kwana a hanya wa ke biyan masauki da abinci? In mota ta bugu, daga albashina za a cire? A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu.

12/ Masu talla kuma, ku rubuta direba, ku rubuta albashin a fili da awannin aiki. In kun ji kunyar rubuta adadin, ku ƙara shi kafin ku wallafa.